Gansakukar Spagmoss a Wurin Renon Iri: Inda Take Ceton Tsiro da Inda Take Danne Shi

Masu renon tumatir da tattasai a tire sun saba da fitmos (ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama) da kokopit (garin ɓawon kwakwa), waɗanda ake shigo da su a buhu. Busasshiyar gansakuka mai dogon zare ba ta kai su yaɗuwa ba, amma tana shiga hannun masu furanni da masu dashen itatuwan marmari, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna ita ce Spagmoss ta kamfanin Besgrow da ke Niyu Zilan. A matse ake sayar da ita kamar bulo. Ƙunshin giram 150 yana kumbura ya kai kusan lita 12 idan an jiƙa shi, na giram 500 kuma lita 40. Abin da ke ciki Sphagnum cristatum ce, wadda ake tsinkowa a fadamun gaɓar yamma ta tsibirin kudu na ƙasar, a shanya, a tsince ƙirare da ganyaye, sannan a matse. Launinta fari-fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, zarenta dogo ne, tarkace kaɗan ne a ciki. Ta fuskar tsabta da ƙarko ba mu da abin kushewa.

Hukuncinmu a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta a aiki biyu: shimfiɗa ta sirara a saman tire, da naɗe reshe don ya fitar da saiwa. Cika tire da ita zalla kuwa asarar kuɗi ce da asarar iri, kuma dalilin yana cikin sinadaran jikinta. Mutane da yawa suna ɗaukarta kamar auduga, abin riƙe ruwa da babu ruwansa da abin da aka shuka a kai. Ba haka take ba.

A inda take rayuwa, Sphagnum ba ta da saiwa, ba ta kuma da tsawon da za ta yi gasar rana da ciyawa ko bishiya. Makaminta shi ne ta ɓata wurin ga kowa in ban da ita. Bangon ƙwayoyin jikinta cike yake da asid dangin yuronik, wanda kan kai kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinta a bushe. Aikin wannan asid musaya ne: yana cafke kalsiyam da magniziyam da fotasiyam daga cikin ruwa, ya saki haidirojin a madadinsu. Ruwan sai ya yi tsami, abincin shuka kuma ya ragu. Shi ya sa ruwan fadamun da ta mamaye ke zama a wajen pH 4 a ma'aunin tsami, wani lokaci ƙasa da haka, wato ya fi haka tsami. Abin da mai reno ya kamata ya riƙe shi ne wannan musaya ba ta buƙatar rai, bangon ƙwaya ne ke yin ta. Matacciyar gansakukar da aka fito da ita daga leda tana ci gaba da cafke kalsiyam a cikin tire kamar yadda take yi a fadama, har sai wuraren cafkewar sun cika.

Makami na biyu shi ne sinadarai dangin fenol, ciki har da wanda aka sa wa suna asid ɗin Sphagnum saboda a jikinta aka gano shi. Wani ɓangare yana manne a bangon ƙwaya, wani yana narkewa a ruwa, kuma yana cikin abin da ke ba ruwan jiƙo na farko launin shayi mara ƙarfi. Fenol irin wannan ba kasafai yake hana iri fashewa ba. Saiwar farko yake taɓawa: ta gajarce, bakinta ya yi ruwan ƙasa, gashin da take shan ruwa da shi ya ƙi fitowa sosai. Akwai kuma wani sinadari mai kama da danƙon 'ya'yan itace da ake kira sfagnan, wanda Terence Painter, masanin da ya yi aiki a Norway, ya danganta shi a 1991 da yadda gawawwaki ba sa ruɓewa a fadamun Turai. Gawar Tollund da aka tono a Denmak a 1950 ta haura shekara 2,000, amma fatar fuskarta tana nan kamar an jeme ta. Binciken da ya biyo baya ya nuna yawancin ƙarfin sfagnan a kan ƙwayoyin cuta daga tsamin da yake haifarwa ne. Ko ma daga ina ne, sojojin Birtaniya sun amfana da shi: a Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi ta ɗinka gansakukar a cikin ƙyalle ana ɗaure raunuka da ita, saboda ta fi auduga shan jini da mugunya.

Kowane allazi da nasa amanu. Tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta sakat shi ne ke takura saiwar tumatir idan ta rasa inda za ta tsere masa.

Masana suna kiran wannan hali alilofati, wato shuka ta yi tasiri a kan maƙwabciyarta ta hanyar sinadari, kalmar da Hans Molisch na Ostiriya ya ƙirƙira a 1937. Sphagnum ba ita kaɗai ke yi ba cikin dangin gansakuka. A arewacin Suwidin, Steijlen da Nilsson da Zackrisson sun nuna a 1995 cewa irin bishiyar fain ba ya tsira sosai a kan shimfiɗar Pleurozium schreberi, kuma sinadarin da ke fita daga jikinta yana cikin dalilan. A 2011 Soudzilovskaia da abokan aikinta, a gwajin da suka yi a Abisko can ƙuryar arewacin ƙasar, sun ga cewa gansakukan da suka fi zubar da fenol sun fi danne tsirowar iri, amma kaurin shimfiɗar da yadda take sauya zafin ƙasa su ma suna da nasu rabon. A Japan kuma an gano sinadarin momilakton a jikin Hypnum plumaeforme, gansakukar da ake shimfiɗawa a lambunan ado. Wannan sinadari an fara samo shi ne a ɓuntun shinkafa a 1973, kuma shinkafa tana fitar da shi ta saiwa don danne ciyawar da ke gasa da ita.

A nan akwai buƙatar adalci. Yawancin gwaje-gwajen ɗakin bincike ana yin su ne da ruwan jiƙo mai ƙarfi fiye da abin da iri zai gamu da shi a daji ko a tire, kuma an sha ganin cewa ruwan da ya danne saiwa yana mai kauri, idan aka sirka shi sosai sai ya ƙara mata tsawo. Saboda haka maganar duka ta adadi ce. Rabin santimita na gansakuka a saman tire da santimita biyar nata a kewaye da saiwa ba abu ɗaya ba ne.

Aikin da Sphagnum ta fi kyau da shi tsoho ne. Tun farkon shekarun 1940 ma'aikatan Ma'aikatar Noma ta Amurka a Glenn Dale, jihar Maryland, suka nuna cewa irin da aka shuka a kan murzajjiyar Sphagnum yana tsira daga cutar nan da ke sa tsiro ya ruɓe a gindi ya kife kwana kaɗan bayan fitowa, ba tare da an dafa ƙasa ko an zuba magani ba. Ƙwayoyin Pythium da Rhizoctonia ne suka fi kawo cutar, kuma a daidai wuyan tsiro suke kama shi, inda ya haɗu da saman ƙasa. Wurin nan kaɗai ake buƙatar karewa.

Ga yadda ake yi. A sa safar hannu, a ɓalli abin da ake buƙata daga bulon tun yana bushe, a murza shi a kan rariyar waya mai ido kamar milimita 5 ko 6. Kada a niƙa shi ya zama gari, garin yana danƙarewa ya hana iska. A jiƙa a ruwan sama ko ruwa mai tsabta na awa ɗaya zuwa kwana ɗaya, a zubar da ruwan farko, a sake ɗauraya sau ɗaya. Ɗaurayar tana rage fenol mai narkewa, amma ba ta cire tsamin ba, tunda shi a jikin zaren yake, kuma tsamin ake so. Ba a tafasa ta. A matse da hannu har ɗigo ɗaya ko biyu ne kawai ke fita. A cika tire da haɗin reno na kullum, misali awo biyu na kokopit da aka wanke gishirinsa, awo ɗaya na fitmos da aka gyara tsaminsa, awo ɗaya na ƙonannen ɓuntu, a bar kamar santimita ɗaya a sama. Tumatir da tattasai da kabeji a ajiye su a kan haɗin, a rufe da gansakukar kaurin milimita 4 zuwa 6. Ƙananan iri irin na latas da furanni a fara shimfiɗa gansakukar sirara, a yayyafa irin a kai, a ɗan danna da tafin hannu. Cikin kwana biyu ko uku saiwa ta ratsa ta shiga haɗin da ke ƙasa, inda pH yake tsakanin 5.5 da 6.5, wuyan tsiro kuma yana nan cikin tsami.

Lissafin kuɗi ma yana goyon bayan wannan. Tire mai rami 128 yana cin kusan lita 3, ke nan ƙunshin giram 150 tire huɗu zai cika. Idan rufe sama kawai za a yi, zai haura tire goma.

Wanda ya cika ramukan da ita zalla zai ga iri ya fito lafiya, har ya yi murna, sai a mako na biyu tsiron ya tsaya cak. Ganyen farko ya yi rawaya, ƙasan ganyen tumatir ya yi shunayya, saiwa ta kanannaɗe a cikin zare. Babu abinci a cikinta, ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan ban ruwa ma ta riga saiwa cafkewa. Ƙari a kan haka tana riƙe ruwa kusan ninki 20 na nauyinta, saboda yawancin ganyenta manyan matattun ƙwayoyi ne masu ƙofa kamar tuluna. Idan aka cusa ta da ƙarfi, iska ta fita, saiwa ta shaƙe. Ranar dashe kuma dogon zaren yana riƙe saiwa, a ja a tsinka.

Ko a saman tire akwai abubuwan da ke ɓata aikin. A hunturu saman kan bushe ya zama tabarma fara, ƙaramin tsiro ya kasa huda ta, alhali ƙasa a jiƙe take. Maganinsa a rufe tire da leda ko jiƙaƙƙen buhu har iri ya fara fitowa, a riƙa fesa ruwa sama-sama da safe. Ruwan burtsatse mai zartsi ko mai yawan kalsiyam yana cika wuraren musayar da wuri, tsamin ya dushe, kariyar ta tafi da shi, don haka ruwan sama ya fi a makonni biyun farko. Taki a jira sai ganye na gaskiya ya fito. Giram 10 na taki mai narkewa 20-20-20 a jarka mai lita 20 ya isa, a makon farko ma rabin haka. Idan aka yi gaggawar zuba taki, kore ya rufe saman, ƙananan ƙudaje su biyo. Kuma gansakuka rigakafi ce kawai. Tiren da aka yi reno a ciki bara ba a wanke ba zai kawo cutar ta ƙasa, don haka a jiƙa shi a ruwan bilic, awo ɗaya cikin tara na ruwa, na minti 30, a ɗauraye.

A wajen fitar da saiwa a reshe tun yana jikin uwa, dogon zaren da ya zama matsala a tire shi ne abin nema, kuma a nan Spagmoss ta fi kokopit da ƙasa nesa ba kusa ba. A zaɓi reshen gwaba ko lemo mai kaurin fensir ko yatsa, a zagaye ɓawon a cire faɗin santimita 2 zuwa 3, a kankare santsin da ke kan itacen don kada ɓawon ya sake haɗewa. A ɗauki cikin hannu na jiƙaƙƙiyar gansakuka da aka matse sosai, a naɗe wurin, a rufe da leda, a ɗaure sama da ƙasa tam, a lulluɓe da takardar alminiyam ko tsumma saboda rana. Raunin yana zama cikin danshi mai tsami makonni ba tare da ya ruɓe ba. Gwaba kan nuna saiwa cikin mako 4 zuwa 8. Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin matsewa da kuma sakin ɗaurin sama, ruwan damina ya shiga ya taru. Idan aka yanke reshen, kada a ɓare gansakukar daga saiwa, a dasa da ita.

Duk ƙunshin da aka buɗe, na wannan kamfani ko na wani, muna ba da shawarar a gwada shi da lansir kafin a ba shi iri mai tsada. Gani ya kori ji, kuma lansir ɗin da ake kwaɗo da shi shi ne ainihin shukar da ɗakunan binciken Turai ke auna gubar takin gargajiya da kayan reno da ita, saboda yana fitowa cikin kwana ɗaya ko biyu kuma saiwarsa ba ta ɓoye damuwa. A ɗebi awo ɗaya na jiƙaƙƙen kayan, a zuba awo biyu na tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, wanda babu asid a ciki. A girgiza, a bari awa ɗaya, a tace da ƙyalle, a auna pH da takardar gwaji. A shimfiɗa tishu a faranti shida, uku a jiƙa su da wannan ruwan, uku da tataccen ruwa zalla, a jera iri 20 a kowanne, a rufe, a ajiye a duhu awa 72. Lansir shukar sanyi ce, a bazara a ajiye farantan a gindin randa, in ba haka ba zafi ne zai hana shi a ɗora wa gansakuka laifi. Latas ma haka yake, ba ya son fitowa idan zafi ya kusa digiri 30. Bayan kwana ukun a ƙirga waɗanda suka fito, a auna saiwa da rula. A ce a ruwa zalla 20 sun fito da saiwa milimita 40, a ruwan jiƙo kuma 18 da milimita 24. Fitowa kashi 90 ke nan, tsawo kashi 60, a ninka su a raba da 100, a sami 54. Wannan ma'auni Zucconi da abokan aikinsa suka fito da shi a Italiya a 1981. Sama da 80 babu damuwa, ƙasa da 50 kada a shuka. Idan sakamakon ya yi ƙasa, a sake ɗauraya a maimaita. In ya gyaru, abu mai narkewa ne, fenol ko gishiri. In bai gyaru ba kuma pH yana ƙasa da 4.5, tsami ne, sai a rage kaurin shimfiɗar.

Ana yawan rikita gansakukar Sphagnum da fitmos, kuma rikicewar tana jawo asara. Shuka ɗaya ce, sai dai fitmos gawarta ce da ta taru a ƙarƙashin fadama, kusan milimita ɗaya a shekara, tsawon ɗaruruwa da dubban shekaru. Ana auna ruɓewarsa da ma'aunin von Post daga H1 zuwa H10. Mai haske, H1 zuwa H3, shi ke riƙe da halin danne cuta, kuma a cikin irinsa ne Risto Tahvonen a Finlan ya ware ƙwayar Streptomyces griseoviridis wadda aka mayar maganin Mycostop. Baƙi mai laushi ya rasa yawancin wannan hali. Ɗanyen fitmos yana pH 3.5 zuwa 4.5, ba a shuka kayan miya a cikinsa sai an haɗa garin farin dutse na noma ko dolomayit, giram 3 zuwa 5 a kowace lita, a jiƙa, a bari mako ɗaya zuwa biyu, a auna. Farar ƙasar magina tana ƙona saiwa, toka kuma tana ɗaga pH farat ɗaya ta ƙara gishiri. Haɗaɗɗun kayan reno irin na Klasmann da Pindstrup sun zo a gyare, an rubuta pH a jikin buhu. Wanda ya ƙara musu farin dutse zai ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kore, alamar sinadarin ƙarfe ya ƙi shiga jikin shukar.

Sai batun jabu, ko abin da aka sayar da sunan da ba nasa ba. Gansakukar ado mai kore shar an rina ta, sau da yawa an jiƙa ta da gilisarin, ba ta reno ba ce. Wadda ake shimfiɗawa fale-fale kamar darduma galibi dangin Hypnum ce, dangin mai momilakton ɗin nan, kuma ba ta da tulunan riƙe ruwa. Mai kama da furfurar gemu da ake danganta ta da Sifen ba gansakuka ba ce sam, 'yar uwar abarba ce. Araha ba ta ado. Ta gaskiya idan aka jiƙa ta tana kumbura nan take, kowane zare yana da ɗan kai mai kama da tauraro, kuma idan aka matse ta tana komawa yadda take kamar soso.

Wani lokaci gansakuka mai rai ce ke fitowa da kanta a saman ledojin dashe da ke inuwa da damina, tare da 'yar uwarta mai faɗi kamar koren kunne, Marchantia. Ita ma tana da nata sinadaran, irin su asid ɗin lunularik, amma ɓarnarta a leda ta fi yawa ta hanyar toshe ruwa da cinye takin da ke sama. A kankare ta, a rage ban ruwa, a rufe saman da busasshen ɓuntun shinkafar da aka turara, kaurin santimita 1.5 zuwa 2.5. Saman ɓuntu yana bushewa da sauri, ba ta samun wurin kamawa. Wannan na dashen da ya riga ya kafu ne, ba na tiren da iri bai fito ba.

Safar hannun da aka ambata ba ado ba ce. A 1988 mutum 84 a jihohi 15 na Amurka sun kamu da cutar fata ta ƙwayar Sporothrix bayan sun yi aiki da dashen itatuwan da aka naɗe da Sphagnum. Ta ƙaramin rauni take shiga. A sa safa da riga mai dogon hannu, a rufe hanci lokacin murza busasshiya, a jiƙa abin da za a yi aiki da shi a ranar kawai, ragowar bulon a bar shi a bushe cikin ledarsa nesa da danshi. Wanda ya ga ƙurji mara zafi a hannu da ya ƙi warkewa, musamman idan wasu na biyo shi a jere zuwa gwiwar hannu, ya je asibiti ya gaya wa likita cewa ya yi aiki da gansakuka, domin maganin ƙurji na kullum ba ya kama wannan.